Baba ba ya ji sosai: ko AirPods za su iya maye gurbin na'urar ji?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara a kan mahaifina. Muna zaune a Agege, ya haura shekara saba'in, kuma jinsa ya yi rauni ƙwarai. Rediyo sai ya ƙure murya ya manna a kunne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Juma'a, ya dawo masallaci ya ce mini, "Ɗiyata, liman dai na ga bakinsa na motsi." Jikokinsa ma sun fara gajiya da maimaita masa magana.

Likita ya auna shi, ya ce tsufa ne, kunne biyu, matsakaici. Kuɗin na'urar da aka faɗa mana ya fi ƙarfinmu.

Sai na ji cewa a 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince AirPods Pro 2, wato abin sauraro na kunne na kamfanin Apple, su yi aikin na'urar ji ga masu raunin ji kaɗan zuwa matsakaici. Na sayo a wani shago a Ikeja. Wayar Baba Android ce, don haka na aro iPhone ɗin ƙanena mai iOS 18, amma wurin gwajin ji da ake saita su da shi bai fito a wayar ba sam.

To, jabu aka sayar mini, ko tsarin ne bai iso Najeriya ba? In an saita a iPhone, zai ci gaba da aiki a wayar Baba? Ga batir kuma, awa shida ne kawai, wuta kuwa sai ta ga dama.

Wanda ya taɓa gwadawa da iyayensa ya taimaka mini. Allah ya saka da alheri.