Gyaran kicin a Legas: sai da izinin gwamnati ko kuwa?

Mai gida a Agege:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman masu harkar gini da waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki a Jihar Legas. Ina da gida mai bene hawa ɗaya a Agege, ni da iyalina muna zaune a ƙasa, 'yan haya kuma suna sama. Kicin ɗinmu ya yi mana kaɗan ƙwarai, ta yadda idan uwargida ta ɗora tukunya babu wanda zai iya shiga ya taya ta, ga shi tagar ƙarama ce, hayaƙi da zafi ba sa fita.

Abin da nake da niyyar yi shi ne a fasa bangon da ya raba kicin da sito a haɗe su wuri ɗaya, a sake tayil, a sa kabad, a kuma mayar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga. Idan kuɗi ya kai, ina so a ƙara ɗakin da kamar mita ɗaya da rabi ta bayan gida domin firiza ta samu wurin zama. Birkilan da ya zo ya duba ya ce aikin cikin gida ba ruwan gwamnati da shi, amma maƙwabcina ya ce idan na fara ba tare da takarda ba za a zo a shafa mini jan fenti a bango. Wane ne yake da gaskiya a cikinsu? Idan ana buƙatar izini, wane ofishi ake zuwa, kuma waɗanne takardu ake kai wa?

Injiniyan gini, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Birkilanka da maƙwabcinka kowa ya kama wani gefe na gaskiya, domin abin da ka lissafa ba aiki ɗaya ba ne, ayyuka ne iri uku, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Sake tayil, shafa fenti, sa kabad da canza kan famfo duk gyara ne na ado da kulawa, ba sa taɓa ƙashin ginin, kuma a yadda ake aiki a nan ba su ne ake nema wa izini ba. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Maganar bangon ita ce ta fi damuna, kuma ita ce nake so ka tsaya ka duba da kyau. A gidan bene, abin da ke sama, wato dakin (shimfiɗar kankaren da ta raba ƙasa da bene) da bangwayen sama da mutane da kayansu, yana sauka ne ta kan bim (sandar kankare mai rodi da ke kwance a kan ginshiƙai) da ginshiƙai zuwa harsashi. Idan an gina gidan a kan wannan tsari, bangon da ke tsakanin kicin da sito ciko ne kawai, ana iya cire shi. To amma da yawa daga cikin tsofaffin gidajen Agege da Mushin da makamantansu ba haka aka gina su ba. An zuba dakin ne kai tsaye a kan bangon bulo, ginshiƙi kuwa sai a kusurwa, wani lokacin ma babu shi sam. A irin wannan gida bangon nan shi ne yake riƙe da 'yan hayarka. Birkila zai ƙwanƙwasa ya ce maka bulo inci shida ne ba inci tara ba, saboda haka ba ya ɗauke da komai. Wannan ba hujja ba ce. Na sha ganin inda aka ɗora dakin a kan bulo inci shida domin a rage kuɗi. Ana gane gaskiya ne ta hanyar duba zanen ginin idan yana nan, a hau sama a ga ko akwai wani bango daidai saitin wannan, a ɓare filasta a saman bangon a ga ko akwai bim ko kuwa linta ce kawai a kan ƙofa, a kuma gano ta wane ɓangare aka shimfiɗa rodin dakin. Kuma illar ba lallai ta fito ranar da aka fasa ba. Takan fara ne da siririn tsagu a silin, sai ƙofar bene ta fara cijewa, sai tayil ɗin sama ya fara ɗagowa. Duk wannan injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ne zai tabbatar da shi a rubuce, ya kuma zana irin bim ɗin da za a sa a madadin bangon da yadda za a tokare dakin kafin a ɗaga guduma.

A ɓangaren doka, cire bango a gidan bene canza tsarin gini ne, ƙara ɗaki ta baya kuwa sabon gini ne ko da mita ɗaya ne. Dokar tsara birane ta Jihar Legas ta 2010, da ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta a 2019, sun sa irin waɗannan ayyuka cikin waɗanda sai an nemi izini. Hukumomi biyu ne a cikin lamarin, mutane kuma suna yawan haɗa su. LASPPPA ita ce ke duba zane ta ba da izini, har da izinin gyaran tsohon gini, kuma tana da ofisoshin gunduma, saboda haka ba sai ka fara da Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, ba. LASBCA kuwa ita ce ke lura da aikin kansa: ana sanar da ita kafin a fara, ta ba da takardar fara aiki, jami'anta su riƙa zuwa duba matakai, kuma ita ce ke da ikon tsayar da aiki ko rufe gini. Jan fentin da maƙwabcinka yake faɗa daga wannan ɓangaren yake zuwa.

Takardun da za ka tanada su ne shaidar mallakar fili, zanen safiyo, zanen ginin da aka amince da shi tun farko, sabon zanen da ke nuna canjin da hatimin mai zanen gini mai rajista da ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya), zanen injiniya da lissafinsa, shaidar biyan harajinka da ta harajin ƙasa da gini, da hotunan gidan yadda yake a yanzu. Kuɗin kuwa su ne za su lissafa maka bayan sun duba, ka biya ta banki ka riƙe rasit.

Game da ƙarin da kake so ta baya, ka fara auna tazarar da ke tsakanin bangonka da katanga. A yawancin unguwannin zama ana so a bar mita 3 ta baya da ta gefe domin iska da haske da hanyar tsira idan wuta ta tashi. Idan tazararka mita 3 ce daidai, wannan ƙarin ba zai samu amincewa ba. Ka kuma tabbatar ba a kan sokawe ko bututun ruwan datti zai zauna ba, domin a gidaje da yawa nan ne aka binne su.

Ɗan kasuwa, Mile 12:

Injiniya, da girmamawa, abin da ka faɗa doka ce a takarda, amma mu da muke cikin unguwa mun san yadda ake yi. A layinmu gidaje da dama an fasa bango an faɗaɗa kicin, ban ga wanda ya je neman takarda ba, kuma gidajen suna nan a tsaye. Talaka da ya tara ɗan kuɗinsa domin ya sauƙaƙa wa iyalinsa, idan ka ce sai ya biya mai zane, ya biya injiniya, ya biya gwamnati, to kuɗin takarda zai cinye na siminti. Ni a ganina Alhaji ya yi aikinsa cikin gida shiru, ya hana a tara yashi da ɓaraguzai a ƙofar gida.

Injiniyan gini, Ikeja:

Malam, ban musa maka ba cewa mutane suna yin haka, kuma na yarda kuɗin yana da nauyi. Da gidan Alhaji na ƙasa ne, rufin kwano a kan katako, da damuwata ba ta kai haka ba, domin abin da ke saman bangon ba shi da nauyi sosai. Amma akwai iyalai suna kwana a saman wannan bango, kuma ba a nemi shawararsu ba. Mutanen Legas ba su manta da benen da ya rufta a Ita Faaji a watan Maris na 2019 ba, wanda akwai makarantar yara a cikinsa, haka kuma benen hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40. Ban ce fasa bangon kicin ne ya jawo su ba. Abin da nake nufi shi ne tun bayansu hukuma ta ƙara sa ido, kuma idan wani abu ya faru a gidan da aka taɓa ba tare da izini ba, mai gida ne zai amsa, birkila kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi wani aikin. Shirun da kake faɗa ma ba ya samuwa a gidan da ake buga guduma, ɗan haya ɗaya da ya ji ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin gadonsa ya isa ya kai rahoto.

Hajiya daga Idi-Araba:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara wani abu domin masu karatu da yawa a nan ba masu gida ba ne, 'yan haya ne kamar ni, kuma mu mata mu ne muka fi matsa wa mazajenmu a gyara kicin. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana ɗan haya yin canji ko ƙari a gida sai da amincewar mai gida a rubuce. Ta kuma ce idan ka yi gyaran da ya inganta gidan bayan ka samu wannan amincewa a rubuce, sannan mai gida ya kawo ƙarshen hayar, kana da damar neman diyyar abin da ka kashe. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island ba, amma ta shafi unguwannin da yawancinmu muke zaune.

Wata maƙwabciyata ta sa tayil tun daga ƙasa har rabin bango, ta sa kabad na sama da na ƙasa da kuɗin adashenta, bisa maganar baki da ejan ya yi mata cewa babu komai. Da shekara ta zagayo aka ƙara mata haya saboda wai gidan ya yi kyau, da ta kasa biya ta tashi, ba ta fita da komai ba sai ƙofofin kabad da kafinta ya iya kwancewa. Da ta karɓi takarda mai sa hannun mai gida, ta ajiye rasit ɗin kayan, da tana da abin riƙewa.

Alhaji kuma, tunda za a taɓa kicin ɗin, ina ba ka shawara a fitar da tukunyar gas waje, a yi mata keji mai shan iska a inuwa, a shigo da bututu ta bango. A kuma raba soket da wurin wanke-wanke, kada mai wayarin ya bar shi inda ruwa ke fantsama. Ka tambayi uwargida tsayin teburin da zai yi mata daidai kafin a zuba kankare, domin ita ce za ta tsaya a wurin.

Mai gida a Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, an karɓi shawara. Injiniya, na auna bayan gidan, tazarar ba ta ma kai mita 3 ba, kuma murfin sokawe yana wurin, saboda haka na haƙura da maganar ƙari. Na kuma hau sama na duba, akwai bangon banɗakin 'yan haya daidai saitin wanda nake so a fasa. Sai dai akwai wata matsala: gadon gidan na yi daga mahaifina, takardar sayen fili da zanen safiyo suna hannuna, amma ban taɓa ganin zanen gini mai hatimin gwamnati ba. Idan na kai kaina ofis, ba zan tono wa kaina wata rigimar ba?

Injiniyan gini, Ikeja:

Alhaji, wannan tsoron shi ne yake hana mutane da yawa zuwa, kuma ba kai kaɗai ne a wannan hali ba. Da farko ka bincika cikin takardun marigayi da wurin 'yan'uwa, mai yiwuwa zanen yana nan. Idan babu, akwai hanyar daidaita tsohon gini: mai zane zai zo ya auna gidan ya zana shi yadda yake a tsaye, a yi gwajin ƙarfin kankare ba tare da an fasa komai ba, injiniya ya rubuta rahoto, sannan a shigar da neman izini a kan wannan. Akwai kuɗin da ake ɗorawa saboda an yi ginin ba izini, shi ya sa a 2024 gwamnatin jihar ta buɗe wa'adin afuwa domin masu irin waɗannan gidaje su daidaita takardunsu ba tare da tarar ba. Ka tambaya a ofishin gunduma abin da ake ciki yanzu, kuma ka je da kanka ko ka tura mai zanenka, kada ka miƙa kuɗi ga masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa za su fitar maka da takarda cikin mako. Tunda gidan gado ne, za a nemi abin da ke nuna kai ne mai ikon nema, saboda haka ka haɗa da takardar rabon gado ko ta kula da dukiyar mamaci.

Bangon banɗakin da ka gani a sama kuwa ya ƙara mini zargin cewa na ƙasan yana ɗauke da kaya, kada a taɓa shi sai injiniya ya gani da idonsa. Idan ya tabbata haka ne kuma kuɗin bim da takardu sun yi maka yawa a yanzu, akwai mafita mai sauƙi: ka bar bangon a tsaye, ka cire ƙyauren ƙofar siton, ka mayar da firiza da buhunan abinci da kabad ɗin ajiya can, kicin ɗin ya zama na girki da wanke-wanke kawai, ka sa fanka mai zuƙe hayaƙi a tagar. Wannan za ka iya farawa da kafinta da mai tayil da mai aikin famfo. Ɓaraguzan tsohon tayil kuma kada a zuba su a kwata ko a bakin titi, ka nemi masu kwashe shara da LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, ta amince da su su ɗauke.