Taƙaitawa: gasar mata ta AFLW da ƙananan gasanni a Ostireliya

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan ko bunƙasar AFLW, wato gasar mata ta ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya (Australian rules football), ce ke raunana ƙananan gasanni:

1. Kowa ya yarda AFLW ta bunƙasa, daga ƙungiyoyi 8 a 2017 zuwa 18 a 2022.

2. A nan aka rabu. Wasu na ganin kuɗin da hukumar AFL, mai kula da wasan, ke zuba wa mata ne ya rage kason gasannin jihohi irin su SANFL da WAFL. Wasu suka ce ƙungiyoyin karkara sun daɗe suna haɗewa tun kafin 2017, saboda matasa na ƙaura zuwa birane. Ni ma nan na karkata, domin ɗora wa mata laifin rashin adalci ne.

3. Shawarar mafi rinjaye: a gina wa mata ɗakunan sauya kaya a ƙananan filaye, a tallafa wa 'yan sa kai.