Neman shawara: Pokémon ya shigo gidana, in ƙwace ko in bari?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne da ya dawo daga karatu ya ba ɗana tsohuwar Nintendo DS ɗinsa, na'urar gem ta hannu, da kaset ɗin wasan Pokémon a ciki. Yaron shekararsa 10. Wata biyu ke nan, kullum bayan la'asar zaurenmu cike yake da yaran unguwa, sun haɗa kai wuri ɗaya suna leƙe. Abin da ya fi ƙona min rai, sunayen dabbobin nan sama da ɗari na kansa, har da wanda ke cin wane, amma Tabaraka tun kafin azumi muke fama da ita. Babansa ya ce a ƙwace a huta. Ni kuma tausayinsa nake ji, don da can ba ya shiga cikin yara. Sannan wata ta ce min Saudiyya ta taɓa hana shi. Don Allah masu sani, me ke cikin abin nan?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Game Boy na fara, na'urar da ta riga DS fitowa, yau ga furfura a gemuna ban daina taɓawa ba. In kin san samari masu kiwon tantabara, to kin fahimci rabin wasan: ka kama, ka rena, ka nuna wa abokai, ka ga ta wani ta fi taka kyau ku zauna ciniki. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, kamun ƙwari yake yi yana yaro a gefen Tokyo kafin gine-gine su cinye filayen, shi ne ya so ya maida wa yaran birni wannan daɗin. Ya fito a Japan a 1996 da halittu 151, yanzu sun haura 1,000. Wayon da suka yi shi ne fitar da kaset iri biyu, kowanne da dabbobin da babu a ɗayan, wasu kuma ba sa rikiɗa su girma sai an yi musayarsu. Dole ka nemi aboki. Mu a lokacin har da waya muke jona na'ura biyu. Cikar zauren nan da kike gani, da gangan aka gina wasan a kanta.

Umman Walida:
Ni dai babansa nake bi. Na ga yadda gem ya lalata karatun ɗan yayata. A ɗauke kawai, zai yi kukan kwana biyu ya manta.

Malama Ta Islamiyya:
Yar uwa, yaron da ya riƙe sunaye ɗari da cewa ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na cin ruwa, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Maimaici ne yake samu a can bai samu a nan ba. Na'urar ta koma ɗakinki, ta riƙa fitowa Alhamis da Juma'a, bayan ya ba da hadda. Kuma a zaure za a yi, inda kike jin motsinsu, ban da cikin bargo da dare.

Baban Ilham:
Maganar Saudiyya gaskiya ce, a 2001 aka yi fatawar. Cikin dalilan da aka kawo akwai kama da caca, musamman katunan Pokémon da ake sayarwa daban, da kuma batun rikiɗar halitta. Hukunci kam ku kai wa malamin da kuka natsu da shi. Amma ki duba sunan da ke jikin kaset ɗin. Tsofaffi irin su Diamond da Pearl akwai wani gida a ciki mai injinan caca, da kuɗin wasa ake bugawa, ba na gaske ba, duk da haka ni ban so yaro ya saba. Daga Black da White na 2010 aka cire shi. Katunan su na fi tsoro: kunshi ne a rufe, ka biya ba ka san me za ka tarar ba, yaro sai ya yi ta saye yana neman mai ƙyalli.

Maman Hanif:
Na duba, Black ne, alhamdu lillah. Katuna kuwa bai ma san da su ba. Na karanta wa babansa, ya yarda a gwada tsarin Malama zuwa ƙarshen zango, in hadda ba ta motsa ba shawarar Umman Walida za a bi. Yanzu ƙanwarsa ce ta tada rigima, wai ita ma sai ta fara nata.

Abu Safwan:
A'a Hajiya, a yi hankali a nan! Kaset ɗaya ajiya ɗaya yake ɗauka, in za ta fara nata sai an goge nasa, kiwon wata biyu ya tafi ke nan. Haka ƙanena ya yi min muna yara, har yau ina tuna masa a taron suna. Ki sa ya ba ta dabba ɗaya cikin nasa, ta raɗa mata suna, ta riƙa renonta a gabansa.