Neman kalma: narkakken dutse na cikin ƙasa da wanda ya fito waje

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya a rediyo kan aman wutar dutsen Nyiragongo da ya auku kusa da birnin Goma na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ranar 22 ga Mayu, 2021. Masana suna kiran narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa magma, wanda ya fito waje kuma laba, mu kuwa duka muna cewa narkakken dutse. Bambancin ya zame mini dole, domin wanda ya fito ya tsaya a bakin gari kusa da filin jirgin sama, amma ranar 27 ga watan hukuma ta umarci a kwashe mutanen unguwanni 10 saboda tsoron wanda ke motsi a ƙarƙashin birnin da tafkin Kibu. In na yi amfani da kalma ɗaya, mai sauraro zai ce me ake gudu tunda ya tsaya?

Malamin labarin ƙasa: Wa alaikumus salam, Malama. A aji ina cewa narkakken dutsen cikin ƙasa, idan ya fito kuma aman dutse, tunda kunnen jama'a ya riga ya saba da dutse mai aman wuta.

Dattijo: Ni ban taɓa yarda da aman wuta ba tun ina aiki. Ba wuta dutsen yake fitarwa ba, babu abin da ke ci a cikinsa, dutse ne zafi ya narkar har ya yi jajur. Kalmar da ta dace ita ce ruwan dutse, yadda mai zubi yake narka dalma ta koma ruwa. Na daɗe ina faɗin haka, yaran yanzu ne ba sa ji.

Wata mai fassara: Baba, Allah ya ƙara girma, amma duk Bahaushen da aka ce wa ruwan dutse ya malalo gari, idon ruwa zai kawo a ransa, har ma ya ɗauko tulu. A labarin da ake gargaɗin mutane su gudu, wannan kuskuren fahimta yana iya cin rai.

Dattijo: Sai a yi musu bayani sau ɗaya. Jirgin sama ma da aka fara faɗarsa ai kwalekwale mutane suka sani.

Ɗalibi daga Sudan: Me zai hana mu ɗauko daga Larabci? A nan burkan ake ce wa dutsen, abin da yake fitarwa kuma himam. Harshen da ya ba mu ilimi da hankali da lissafi bai kamata mu tsallake shi ba.

Wani daga Damagaram: Malam, waɗancan kalmomi sun shiga bakin mutane ɗaruruwan shekaru da suka wuce ta hanyar makarantar allo, himam kuwa babu wanda zai gane ta a kasuwa. Abin da ke damuna shi ne kullum sai a yanke magana a Kano ko Kaduna a turo mana, alhali mu da muka yi karatu da Faransanci ba a taɓa tambayarmu yadda muke faɗa ba.

Dattijo: Daidaitacciyar Hausa ai tana da gida, ɗana, kuma kowa ya san inda gidan yake.

Wani daga Damagaram: Da girmamawa, Baba, gidan rubutu daban, masu harshe daban.

Malamin labarin ƙasa: Mu koma kan buƙatar Malama. Akwai rauni a tawa shawarar da ya kamata a lura da shi: abin da dutsen ke amayarwa ya haɗa da toka da tsakuwa da iska mai guba, kuma wani lokaci iskar ce ke kisa. A tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin ramin wani dutse mai aman wuta, a 1986 iskar da ta taso daga ƙasan tafkin ta hallaka mutum sama da 1,700, ba tare da wani narkakken dutse ya malalo ba. Saboda haka aman dutse ya fi faɗin abin da muke nema.

Wata mai fassara: To a ce kwararar narkakken dutse ga wanda ya fito yana gudu, in ya huce ya yi baƙi, irin wanda mutanen Goma ke gina katanga da shi, a ce daskararren aman dutse.

Mai tambaya: Na gode. Zan ɗauki narkakken dutsen cikin ƙasa da kwararar narkakken dutse, duk da tsawonsu zai ci mini lokaci a kanun labarai. Toka da iska zan ambace su da sunansu.

Dattijo: Wannan bayani ne, ba suna ba. Ki yi shirinki, ’yata, amma ranar da za a zauna rubuta ƙamus zan sake kawo ruwan dutse.