Kwana 21 na jin ra'ayin jama'a: haƙƙi ne ko jan ƙafa?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ni a ganina, kwanakin aiki 21 ɗin nan da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ware wa jama'a su duba rahoton illar aiki ga muhalli, jan ƙafa ne kawai. A kai kundi sakatariyar ƙaramar hukuma, ƙura ta rufe shi, babu mai buɗewa. A bar masana su yanke, aiki ya tafi.

Malama: Wa alaikumus salam. To Injiniya, me ya hana a buɗe? Ɗaruruwan shafuka ne da Turancin masana. Manomin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa gonarsa a Kazaure ko Daura, ta ina zai fara karantawa? Ba ƙi ya yi ba, ba a yi magana da shi ba ne.

Baffa: Ɗana Injiniya, ka je Haɗeja da Nguru ka gani da idonka. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, babu dokar jin ra'ayin jama'a, babu wanda ya tambayi mutanen da ke ƙasan kogi. A da ruwa kan malala da damina, ya janye da rani, a shuka shinkafa, a kama kifi, makiyaya su sami ciyawa. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsun jan-baki ya mayar da ita makwanci yana afka wa hatsi. Masunci bai san lissafin siminti ba, amma ya san inda ruwa ke bi tun zamanin kakansa. Wannan sanin ba ya cikin kundin kowa.

Injiniya: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma Tigar nan ce ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Da an tsaya sai kowa ya yarda, da ba a gina ta ba.

Lauya: Doka ta 86 ta 1992, wadda ta tanadi duba illar aiki ga muhalli, ba ta ce sai kowa ya yarda ba. Cewa ta yi a ba mutane dama su faɗi damuwarsu kafin a amince da aiki. Kuma ku tuna madatsar Bakolori a 1980: manoman da suka rasa gonaki sun tare hanya kan diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka.

Injiniya: Allah ya jiƙansu. Amma ni dai har yanzu ban ga amfanin kundin da ke ajiye a sakatariya ba.

Malama: Nan mun haɗu. A taƙaita shi da Hausa, a karanta a rediyo da ƙofar gidan dagaci ranar kasuwa, a shiga gida a ji ta bakin mata, a rubuta abin da aka faɗa.

Injiniya: Idan ba za a ƙara ko kwana ɗaya a kan 21 ɗin ba, na yarda.

Baffa: Da damina fa? Manomi yana gona.