"To hear" ko "to hearing" a ƙarshen wasiƙa?

Mai buga takardu, Kasuwar Barci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata buga wa mutane takardun neman aiki da na neman gurbin karatu. Da yawa idan sun kawo rubutunsu na hannu, sai ka ga sun rufe da "I look forward to hear from you". In na mayar da shi "hearing", wani ya ce na ɓata masa takarda, ai tun firamare aka koya masa ba a sa "ing" bayan "to". Abin yana damuna, don abincin mutum ne a jikin takardar nan. Ku da kuka ci karo da wannan, yaya kuke fahimtar da mutum?

Malamar Turanci, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, gyaranka daidai ne. "To" iri biyu ce. Akwai ta "I want to go", wadda aikatau ke bi ba ƙari. Akwai ta "I am going to Zaria", wadda suna ke bi. Ta "look forward to" irin ta biyun ce, shi ya sa in aikatau zai biyo ta sai an ƙara masa "ing". A ajina ba na fara da ƙa'ida, yara gajiya suke. Sai in ce su sa suna a gurbin su ji. "I look forward to your reply" ya zauna daram. "I want to your reply" kuwa ko ɗan aji ɗaya ya san bai yi ba. Duk inda suna ya zauna, "ing" ma zai zauna. Ina matsa musu ne saboda a insha'in WAEC maki 10 ake ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskure rabin maki, kuma irin waɗannan ƙananan ne ke cinye su.

Tsohon akawu, Unguwar Rimi:
Allah ya saka, Malama. Mu a ofis wadda ta fi wahalar da sababbin ma'aikata ita ce "with a view to". Yaro ya rubuta "with a view to improve", mai gidanmu ya zagaye da jan biro ya dawo da fayil ɗin. "Improving" ne. Na kuma sha ganin "look forward for", wannan babu shi sam.

Ɗalibi, Rigasa:
Malama, to "used to" fa? Yayana ya rubuta "I used to work in Kakuri", ni kuma na ga "working" a littafi, har muka yi gardama.

Malamar Turanci:
Kowa da gaskiyarsa, ɗana. Ta yayanka na nufin da can ya yi aiki a Kakuri, yanzu ya bari. "I am used to working" kuma na saba da aiki. Ka lura da "am" ɗin.

Mai tantance masu neman aiki, Barnawa:
Gaskiya ban taɓa ture takardar mutum don wannan kaɗai ba, in dai ya cancanta. Amma layin yana daf da sa hannu, nan ido ke tsayawa, kuma in aikin na rubuta wasiƙu ne dole in duba. Ku kuma daina yanke kan jimlar. "Looking forward to hearing from you" ta yi a WhatsApp tsakanin waɗanda suka saba. A wasiƙar da ta fara da "Dear Sir" a rubuta jimlar cikakkiya, wato "I look forward to hearing from you", a rufe da "Yours faithfully", harafin farko babba, na kalma ta biyu ƙarami.

Mai buga takardu:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Malama, ɗazu na gwada dabararki da wani matashi da ya zo daga Kawo. Ya maimaita "your reply" a bakinsa, ya ce in bar "hearing" ɗin, in kuma duba masa sauran takardar.