Ta ina za a fara karanta E. C. Tubb?

A hirarmu kan E. C. Tubb, marubucin Ingila da ya rasu a 2010, yawanci sun ce a fara da jerin Dumarest, wanda ya soma fitowa a 1967 har ya kai littafi 33. Dumarest matafiyi ne da ke yawo a sararin samaniya daga wannan duniya zuwa waccan, yana neman wadda aka haife shi a cikinta, alhali mutane sun ɗauke ta tatsuniya. Wannan kewar gida ita ta kama ni. An ce kada a karance su a jere, don fasalinsu kusan ɗaya ne.

Labaransa na kaboyi kuwa, na shekarun 1950, da sunayen aro suka fito. Takardarsu ta yi ja, gefenta na marmashewa, sai a buɗe a hankali.